Kauɗar da kullen Korona ya kafa mana

Sana'armu busar da tumatir da tattasai da attaruhu, a nan Hotoro, kusa da kasuwar 'Yan Kaba. Mun daɗe muna yi kaɗan-kaɗan, amma kullen Korona na 2020 ne ya tsayar da ita da ƙafafunta.

A watan Afrilu aka rufe Kano, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ga azumi ya kama. An ce motocin abinci su wuce, amma kafin direba ya gama da shingayen hanya ya isa Legas, kwandunan ƙasa sun zama ruwa. Manoman Kadawa da Kura na kallon ragowar tumatirin rani yana ruɓewa, mu kuma a cikin gari mata na neman na miya ido rufe. Da aka sassauta ranakun Litinin da Alhamis, 'yan sa'o'i ne kawai, abin da bai ƙare ba sai juji.

Sai muka buɗe zaure a WhatsApp, da manoma da dillalai da masu adaidaita sahu. Da asuba a turo hoton kaya. Mai tauri a ajiye wa gidajen da suka tura kuɗi, a kai musu ranar fita. Wanda ya nuna sosai a kawo mana, mu yanka a ranar. Har yau haka muke aiki.

Yankan nan wurin kakata na koya a Kura. Wuƙa mai kaifi, a tsaga shi a tsaye gida biyu, a kwantar da shi cikinsa na kallon rana. Ita kan tabarma take shanyawa bisa rufin soro. Mu yanzu kan raga muke yi, sama da ƙasa, iska na ratsa shi, da gidan sauro saboda ƙuda. Kafin raɓa ta sauka an kwashe. Idan ya yi, za ki gan shi ja wur, yana lanƙwasa kamar fatar Dukawa, ba ya karyewa. Kakata ko dubawa ba ta yi, sunsunawa kawai, ta ce a mayar rana.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu tsintar ruɓaɓɓe su baza a gefen titi, ƙura da hayaƙin mota da akuya duk su bi ta kai, ya yi baƙi ƙirin, su ma su kira shi kauɗa. Sai mai saye ta zo ta ce, "Haba Hajiya, a kasuwa rabin wannan kuɗin ne." Ni dai nakan ce, "Yaya, jiƙa nasu a kwano ki ga yashin da zai kwanta, sannan ki jiƙa namu."

Masu abincin sayarwa da iyayen amare, ku yi odar damina tun tumatir na araha, don da ruwa ya sauka muke rufe shanya.