Abin da na koya daga bayan zane

Zanen farko da na saya na mahayin doki ne a hawan Sallah, kuma har yau yana rataye a ɗakin karatuna da ke Bauchi. A shekarar 2011 na karɓe shi daga hannun wani matashi da ya kammala karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, na ba shi naira dubu 25. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ya kama gajiyar dokin bayan an tashi daga ƙofar fada, kumfa a bakin linzami, mahayin kuma rawaninsa ya ɗan karkace. A lokacin ban tambaye shi komai ba, ban nemi rasit ba, ban ma sa ya rubuta shekarar da ya yi aikin ba, domin a ganina kyan fuskar zane shi ne magana gaba ɗaya.

Bayan shekara uku wani mutum ya same ni a shagona da ke kusa da Wunti ɗauke da hoton wata mai tallar nono, ya ce aikin fentin mai ne na wani sanannen mai zane daga Legas, kuma matsin kuɗi ne ya sa zai rabu da shi. Na biya naira dubu 180. Da na kai wa wani dattijo da ya daɗe yana koyar da zane, bai tsaya kallon fuskar hoton ba, sai ya juya shi ya ce, "Alhaji, zo ka ga abin da ka saya." Bayan ƙyallen fari ne tas, babu ɗigon fenti ko ɗaya a gefensa, babu rubutu, babu alamar hannun mutum. Ya miƙo mini madubin ƙara girma, na duba kumatun matar, sai na ga ƙananan ɗigo-ɗigo irin na injin buga hoto. An buga hoton ne a kan ƙyalle, aka shafa masa man sheƙi da buroshi don ya yi tudu-tudu kamar fentin gaske. Kuɗin sun tafi, amma daga ranar ban ƙara sayen zane ba sai na juya shi.

Fentin mai na gaskiya yana da jiki. Idan ka haska shi da tocila daga gefe za ka ga sawun buroshi yana bin siffar abin da aka zana, ya yi kauri a inda haske ya faɗa, ya yi sirara a cikin inuwa, alhali a na jabu sawun yana tafiya inda ya ga dama ba tare da la'akari da hanci ko ninkin mayafi ba. A gefen katakon da aka ɗaure ƙyallen za ka tarar da ragowar launuka, wani lokaci har da shatin yatsa. Fentin mai kuma ba ya bushewa da wuri. Masu aikin sukan jira wata shida ko fiye kafin su shafa man sheƙi na ƙarshe, saboda haka duk wanda ya ce jiya ya gama zane mai kauri kuma yau ya bushe ƙarau, akwai abin tambaya.

Wannan ba ya nufin cewa duk abin da aka buga jabu ne, kuma na daɗe kafin in fahimci haka. Akwai bugun hannu, wanda mai zane yake sassaƙa hoton a kan katako ko farantin ƙarfe, ya shafa tawada, ya danna takarda a kai ɗaya bayan ɗaya. Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, da irin wannan aiki ya yi suna a duniya. A ƙasan irin wannan takarda ake rubuta lamba da fensir, misali 7/30, wato ta bakwai cikin talatin da aka buga, sai sa hannun mai aikin. Ƙarancin adadin yana ƙara daraja, kuma idan da farantin ƙarfe aka yi, yatsa yana jin shatin da gefen farantin ya bari a jikin takardar. Ga mai ƙaramin ƙarfi irina, bugun hannu na ƙwararre ya fi zanen mai na wanda bai iya ba.

Batun kimantawa shi ne ya fi rikita mutane. Tun da aka sayar da zanen Tutu na fitaccen mai zanen Najeriya Ben Enwonwu a gwanjon Bonhams da ke Landan a watan Fabrairun 2018 kan fam miliyan 1.2, abokaina suke tambayata ko nawa zane-zanen da na tara za su kai. Amsar ita ce abin da ya ɗaga wancan zane ya wuce fenti: sunan mai shi, wanda ya rasu tun 1994, da tarihin aikin da ya yi a 1974 ya ɓace shekaru da dama kafin a gano shi a wani gida a Landan, da kuma masu kuɗi da yawa da suka yi takara a kansa a rana ɗaya. A Legas ana gwanjon zane a kai a kai tun 2008, ana kuma baje kolin ART X Lagos tun 2016, don haka akwai farashin da za a kwatanta. A nan Bauchi, idan na so sayar da zane, sai dai in nemi mai so da bakina. Shi ya sa nake auna abu huɗu kafin in yi tayi: inda mai zanen ya yi karatu ko ya koyi aiki, ko yana ci gaba da aikin ko ya bari, nawa ya sayar da mai girman wannan a baya, da lafiyar zanen kansa. Ina da littafi da nake rubuta ranar saye da farashi da girman kowane aiki, in haɗa da rasit da hoton mai zanen tsaye kusa da aikinsa.

Akwai inda nake saɓa wa yawancin masu saye a wajenmu. Mu mun fi yaba zanen da ya yi kama da hoton kyamara, har a ce kamar ya yi magana. Ni kam na daina biyan kuɗi don kama kawai, domin wanda ya kwafi hoto daga waya layi bayan layi bai ƙara komai ba. Na fi son wanda ya zauna a kasuwar Muda Lawal ya kalli yadda mai ɗaukar kaya yake karkata kafaɗa, ya zaɓi abin da zai bari da abin da zai fito da shi.

Kawuna ya taɓa yi mini magana a kan ajiye hoton mai rai a gida, kuma na ɗauki maganarsa da muhimmanci. Na tambayi malamina, ya bayyana mini cewa malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin siffa mai inuwa, irin gunki, wadda suka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a kan ƙyalle ko takarda, wanda suka sanya a babin karhanci, wasu malaman kuma sun tsananta fiye da haka. Na kwashe zane-zanen daga falo da duk inda ake salla, na tara su a ɗaki ɗaya. Da na gaya wa kawu, sai ya ce, "To, ɗana, Allah ya sa mu dace."

Sauran aikin na yanayi ne. Hunturu yana busar da katako har firam ya buɗe a kusurwa, ƙura kuma ta kwanta a cikin sawun fenti, inda ba na taɓawa da ruwa ko tsumma sai buroshi mai laushi. Damina tana kawo danshi, kuma na yi asarar bugun hannu guda ɗaya da fumfuna ta ci saboda takardar ta manne da gilashi a bangon da ke shan ruwa. Yanzu kafintana yana sa kwali mai kauri tsakanin takarda da gilashi, yana barin 'yar tazara tsakanin firam da bango, ni kuma ina sauke su duka sau biyu a shekara in duba ko gara ta shiga.

A bara na yi ta cigiya har na samu wanda ya zana mini mahayin dokin nan, yana koyarwa a wata makaranta a Gombe. Na ɗauki zanen a mota na kai masa, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya shi ya rubuta sunansa da shekarar 2011 da wurin da ya tsaya a ranar hawan.