Mako na shida: boltej ya haura a ƙarshen layi

'Yan uwa abokan koyo, barkanmu da war haka. Na koma kan ƙaramin layin da na gina a pandapower, manhajar kwaikwayon layukan wutar lantarki: taransifoma mai sauke wuta daga 11kV zuwa bolt 400, kebul na alminiyam mai kaurin 95mm² tsawon mita 500, gidaje a can ƙarshe. Da can gidajen jan wuta kawai suke yi, boltej na raguwa gwargwadon nisa daga taransifoma. Wannan karon na ɗora musu sola ta kilowat 60 jimilla, na saita lokaci tsakar rana, sa'ar da kusan ba a kunna komai a gida.

Wuta ta juya baya, boltej ya hau. Ban yarda da kwamfuta ba sai da na ɗauki biro. Turjiyar irin wannan kebul om 0.32 ce a kilomita, wato turjiyar mita 500 ɗin, wadda muke rubutawa da R, ta zama 0.16. Layin fes uku ne, wato wayoyin wuta uku, kowane fes yana ɗauke da kilowat 20. Ninka 20,000 da 0.16, ka raba da 230, boltejin fes ɗaya, za ka samu kusan bolt 14. Taransifomar kuwa na ɗaga ta mataki biyu tun farko, tana ba da 242, don na ƙarshen layi ya samu isasshiyar wuta da dare. Biro ya ce 256, kwamfuta ta ce 255, domin ita da ainihin boltejin wurin take rabawa. Ƙa'idar Turai ta EN 50160 ta yarda da 207 zuwa 253 ne kawai.

Inda na daɗe shi ne kan inbata, na'urar da ke mayar da wutar sola irin wutar layi. Na shiga da yaƙinin cewa idan ta sha wutar kai-komo, wato wadda ke zuwa ta koma ba tare da ta yi aiki ba, da muke rubutawa da Q muna aunawa da kvar, magana ta ƙare. Ƙa'idar IEEE 1547 ta 2018 ta buƙaci inbata ta rukunin B ta iya shan Q har kashi 44 cikin ɗari na ƙarfinta, sai na ba ta duka: kvar 8.8 a kowane fes. Boltej ya ɗan motsa, ya tsaya dab da 253. Na sake duba lambobina har sau uku, ashe babu kuskure. Q da X yake aiki, wato turjiyar da maganaɗisun waya ke haifarwa; P kuma, ainihin wutar da ake aunawa da kilowat, da R. A wannan kebul X bai wuce 0.04 ba, rubu'in R ke nan. Bolt ɗaya da rabi na samu daga kebul, taransifoma ta ƙara kusan ɗaya. Abin da na biya kuwa: karan, wato yawan wutar da ke gudana a waya, ya ƙaru da kashi 9, asarar zafi a waya ta ƙaru da kusan kashi 19. A manyan layukan sama, inda X ya rinjayi R, dabarar tana cin kasuwa sosai. A ƙaramin layi taimako ce, ba magani ba.

Sauke taransifoma mataki ɗaya, kashi 2.5, ya ba ni bolt 6 nan take. Na gwada dare da jan kilowat 60, gidan ƙarshe ya tsaya a 222, lafiya lau. Sai dai irin wannan mataki sai an kashe wuta ake juya shi, kuma saiti ɗaya ne zai ɗauki rana da dare.

Na kuma gwada rage fitarwa irin na Ostareliya, a ƙa'idar AS/NZS 4777.2 ta 2020: daga bolt 253 inbata ta fara ja da baya, a 260 ta koma kashi 20. Yana aiki, amma raina bai kwanta da shi ba. Mai gida kusa da taransifoma yana tura wutarsa duka, na ƙarshen layi shi ake datse wa kullum, alhali faranti iri ɗaya suka kafa. Laifinsa kawai nisa.

Ga wanda ya fi ba ni mamaki, ku gwada shi da biro. Ɗora kilowat 10 kacal a fes guda. Karan zai dawo ta wayar nutural, waya ta huɗu a layin, turjiya ta ninka zuwa 0.32, hawan ya koma bolt 14 ɗin nan dai, daidai da na kilowat 60 da aka raba wa fes uku. Saboda haka mako mai zuwa zan kwashe layin zuwa manhajar OpenDSS ta cibiyar binciken lantarki ta EPRI, inda zan zana wayoyi huɗun ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya riga ya saita nutural da ƙasa a can, don Allah ya nuna mini yadda ya rubuta turjiyar sandar ƙasa.