Na ƙarshen teburi ne ya ɗauke Palmer

Mu takwas muka buga gasar Draft ta Fantasy Premier League a kakar 2023/24, duk 'yan gidan kallo ɗaya a Kano. Wasa ne da kowa ke zaɓar 'yan wasan Premier League bi da bi ya haɗa tawagarsa, yana samun maki gwargwadon abin da suka yi a fili, ɗan wasan da wani ya ɗauka kuma ba mai sake ɗaukarsa. Ƙuri'a ta jefa ni na takwas a layin zaɓe, abin kuma bai dame ni ba, tunda layin juyowa yake yi: wanda ya rufe zagayen farko shi ke buɗe na biyu. Kafin a zo kaina an kwashe su Haaland da Salah da Saka. Wani ɗan a-mutun Tottenham ya rungumi Kane, ana ta ce masa mutumin nan ƙafarsa ɗaya tana Jamus, ya toshe kunne. Washegarin buɗe kaka Bayern Munich ta sanar da sayensa. Telan unguwarmu kuwa De Bruyne ya ɗauka, ko hutun rabin lokaci ba a kai ba a wasan farko da Burnley ya ji ciwo ya fita, sai Janairu.

Ni Son da Watkins na ɗauka a jere. Lissafin a fili yake: kowa na da gurbin 'yan gaba uku, mu takwas 24 ke nan, alhali kulob 20 ne, yawancinsu kuma ɗan gaba ɗaya suke farawa da shi. Wanda ya yi sanya sai dai ya tashi da masu ɗumama benci. 'Yan baya da gola na bar su sai can ƙarshe. Son ya zura wa Burnley uku a farkon Satumba, kafin watan ya ƙare ina saman teburi ina hura hanci.

Ashe saman teburin ne zai cuce ni.

Ranar 1 ga Satumba Chelsea ta sayi Cole Palmer daga Manchester City a kan wajen fam miliyan 40. A daren zaɓenmu ba wanda ya ko kalle shi, don a City sai an ga dama ake sako shi. Haka ya zauna a banza cikin waɗanda ba su da ubangida, kowa zai iya ɗauka. Ranar 7 ga Oktoba ya buga fanareti a ragar Burnley, nan take muka farga cewa ɗan tsakiya ne, kowace ƙwallonsa maki 5, ga shi kuma an damƙa masa fanareti. Tun a kan benci, kafin a kashe janareta, na shigar da buƙata. Amma dokar wannan wasa ita ce idan mutum biyu suka nemi ɗan wasa ɗaya, wanda ya fi ƙasa a teburi ake fara ba wa. Wa ke ƙasa? Tela, albarkacin ciwon De Bruyne. Ranar da aka raba buƙatun na buɗe waya na ga Palmer a cikin tawagarsa, ni kuma an dawo min da tsohon ɗan tsakiyana da nake neman kai da shi.

Har yau ban yarda wannan doka adalci ce ba. An ce don kada na baya su karaya su watsar da wasan ne, na ji, amma mutum ya yi zaɓen tumun dare a watan Agusta, a Oktoba kuma a saka masa da gwarzon shekara? Ƙwallo 22 yaron nan ya ci a kakar, tara a fanareti, ya taimaka an ci 11, ba wanda ya kai shi maki a duk wasan. Na yi wa tela tayin musaya da Son kai da kai, ya ɗago daga kan keke ya cire tsinken da ke bakinsa ya ce, "Haba Malam, ai ko Haaland ka haɗa min da shi ba na sayarwa."

Janairu ta ƙara min zafi. Son ya tafi Qatar gasar kofin Asiya, Koriya ta Kudu kuma ta kai har wasan kusa da na ƙarshe. A Draft ba dama ka saki mutum ka ce za ka dawo da shi, kana saki wani zai cafe, dole na ajiye shi a benci ina kallo. Mai Salah ma kuka yake, don ya ji rauni a wasan Masar da Ghana a Kwaddibuwa. Palmer ɗan Ingila, ko nan da can bai je ba, ga De Bruyne ya warke.

Yanzu gurbin ɗan tsakiya na biyar ba na ba wa kowa shi da zuciya ɗaya. Ranar da za a rufe kasuwar 'yan wasa nake jira, duk matashin da aka zuba wa kuɗi ya bar benci zuwa kulob ɗin da zai riƙa farawa, a makon nake ɗauke shi, tun bai ci ko ɗaya ba, lokacin da ba mai gasa da ni a kansa. Da zarar ya ci, layi ya koma hannun na ƙasa.

Tazarar da na ba tela ta riƙa narkewa har Afrilu. Ranar 4 Palmer ya ci Manchester United uku, biyu a ƙarin lokaci, ranar 15 ya ɗura wa Everton huɗu. A makon nan tela ya haye kaina, bai kuma sake saukowa ba. Tsiren da muka yi alkawari ga zakara, ni aka aika sayowa.