Gaurakan da Na Tarar a Faris

A rumfunan masu sayar da tsofaffin littattafai da ke bakin kogin Seine na ci karo da takardar, falle ɗaya tal, an ciro ta daga littafi. Gauraka ne a kai, da tukkunsa ruwan zinariya da fararen kumatu. Aikin François-Nicolas Martinet ne, wanda ya zana tsuntsaye domin littafin Buffon, masanin halittu na Faransa. An buga zanukan 1,008 tsakanin 1765 da 1783, galibinsu tsuntsaye.

Mai rumfar, wani dattijo mai yawan magana, ya ce kada in fara da kallon tsuntsun, in fara shafa gefen takardar. Na sa yatsa, sai na ji wani ɗan kwari ya zagaye hoton. Shatin farantin jan ƙarfe ne. A wancan zamani, sai a shafe farantin da kaki, mai zane ya bi da allura yana karta, sannan a tsoma shi a ruwan asid, ya ci wuraren da allura ta tona. A cusa tawada a cikin layukan, a goge saman, a ɗora jiƙaƙƙiyar takarda, a matse da inji. Shi ya sa shatin ke zama. Launi kuwa da hannu ake sa shi, falle bayan falle, don haka a wani wurin jan ya ɗan tsallake layi.

Da na ɗaga ta ga rana, sai ga siraran layuka a jikin takardar, alamar da hannu aka yi ta. Na kuma duba da gilashin ƙara girma: layin baƙi ya tafi santal, babu ɗige-ɗigen bugun zamani. Tun daga ranar, da waɗannan nake rarrabe na asali da kwafi.

Sai dai tsuntsun ya tsaya ƙiƙam. Yawancin irin waɗannan zanuka daga fatun tsuntsaye da aka cusa wa abu aka kwaikwayo su. Wanda ya taɓa ganin gauraki suna rawa a fadama, suna tsalle suna baza fukafukai, zai ce Martinet ya kama gashin, amma takun ya kuɓuce masa. Duk da haka na saya, na sa mata gilashi, na rataye ta nesa da taga, domin rana na cinye launin ruwa.