Abin da na koyo a wajen makiyayan Masai

Wata biyu ke nan da dawowata daga Kenya amma har yanzu in na shiga Abbatuwa na ga shanu sai can ya faɗo min a rai, shi ya sa na ce bari dai in rubuta. Sati shida muka yi mu ɗaliban likitan dabbobi, da aka raba mu ni sai aka tura ni yankin Kajiado, kudu da Nairobi, wajen Masai.

Ranar farko ina riƙe da fom da biro aka kai ni wajen wani dattijo, ko gama gaisawa ba mu yi ba na ce wa tafinta ya tambaye shi shanunsa nawa. Dattijon ya kau da kai kawai, tafinta ya matso ya ce min ba a yin wannan tambayar. Wallahi na ji kunya, don ko a nan gida wa zai tsaya gaban Bafulatani ya ce nawa ne shanunka? Na san haka sarai, gaggawar cika fom ce ta rufe min ido. Daga ranar sai na zauna an sha nono tukuna a yi maganar aiki, nonon nasu kuwa ƙamshin hayaƙi yake don suna goge cikin gora da garwashi kafin su zuba. Jini ma an miƙo min, wanda suke ɗiba a jijiyar wuyan sa da 'yar kibiya ba tare da an yanka shi ba, na ce addinina ya hana, babu wanda ya ɓata rai.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar ciyawa. Na ga fili kore shar an bar shi, an kora shanu can wajen ƙeƙasasshen wuri, a raina na ce wannan ai asara ce. Dattijon ya nuna min wasu namun daji masu gemu da ake ce wa nyumbu, ya ce lokacin haihuwarsu ne, saniyar da ta yi kiwo a inda suka haihu ba ta tashi. Ban gama yarda ba sai da aka kira mu kan wata karsana, idanunta sun yi fari fat kamar an shafa alli, majina ta toshe hanci tana numfashi da baki, jiki zafi rau, kuma babu maganin da za mu yi mata, muna kallo ta tafi. A 1960 wani likitan dabbobi ɗan Birtaniya, Walter Plowright, ya gano ƙwayar wannan cutar a cibiyar bincike ta Muguga da ke kusa da Nairobi, shi ne dai mutumin da ya haɗa rigakafin bushiya, cutar shanun nan wadda aka sanar da kawar da ita daga duniya a 2011, amma Masai tun kaka da kakanni suke janye shanunsu. Su suna cewa mahaifa ce ke kawo ciwon, bincike ya nuna majina da hawayen jariran nyumbun ne, bayanin ya sha bamban amma matakin da suke ɗauka daidai ne, kuma shi ke tsirar da garke.

Haka yaron da ke kiwo zai shafa ƙasan kunnen maraƙi ya ji kaluluwa ta kumbura ya ce zazzaɓin kaska ne, tun ban ciro ma'aunin zafi ba.

Da na dawo, ran wata Juma'a na je kasuwar shanu ta Wudil na zauna gefen wani dattijon Bafulatani, wannan karon ban fito da takarda ba. Na ce Baffa, da can ya kuke yi da ciwon huhu? Ya ce ɗana, babana yanka fatar karan hancin saniya yake ya cusa ɗan guntun huhun wadda ta mutu. A aji an faɗa mana wannan a matsayin abin da za mu hana, kuma har gobe allurar rigakafi ta cibiyar binciken dabbobi da ke Vom zan ce a yi don wancan yana iya jawo mugun kumburi, amma ban taɓa tsayawa na gane cewa rigakafi mutanen nan suke yi ba sai ranar. Mun fi awa muna hira, da zan tashi ya ce in zo rugarsu in duba masa wasu maruƙa biyu da suka daina tsotso, jibi in sha Allahu zan je.