Ƙauyen da ake dafa yashi

Ƙanena da ke karatu a birnin Strasbourg na Faransa ne ya ja ni tafiyar nan. Ni niyyata in kwana biyu in huta, shi kuwa tun da ya ga ina jujjuya wata tsohuwar kwalbar turare a kasuwar 'yan gwanjo ya ce, "Yaya, tunda abin yana burge ki, gobe sai Wingen, gidan tarihin Lalique, gwanin kwalaben turare." Da sassafe muka hau ƙaramin jirgin ƙasa mai bin hanyar Sarreguemines. Ba mu cika awa guda ba gonaki suka ƙare, daji ya rufe mu ta ko'ina, muka sauka a Wingen-sur-Moder, ƙauyen da in ba an faɗa maka ba, ba za ka ce ana yin wani abin kirki a cikinsa ba.

Daga tasha muka taka da ƙafa, ana yayyafi. Dajin nan shi ne asalin komai. Tun ɗaruruwan shekaru masu gilashi suka tare a tsaunukan Vosges saboda itacen hura wuta, da yashi, da tokar ciyayi mai taimaka wa yashin ya narke. Gidan tarihin Lalique ma, wanda aka buɗe a 2011, a kan kufan wata tsohuwar masana'antar gilashi mai suna Hochberg aka gina shi.

Muna shiga na ɗaga kai, sai da na ja da baya. Wata fitilar rataye ce ta kiristal, wato gilashi mai nauyi da ƙyalli, tsawonta ya kai mita 3, nauyinta ya haura tan ɗaya da rabi, a saman kan mutane. Na ce lallai René Lalique ya yi aiki. Ƙanena ya karanta allon da ke gefe ya yi dariya: ashe ɗansa Marc ne ya yi ta a 1951, shekara shida bayan rasuwar uban. Nan na fara gane cewa mutumin da sunansa ya zama tambarin kiristal a duniya, yawancin aikinsa da gilashi ya yi shi. Ɗan ne ya mayar da masana'antar kan kiristal bayan 1945.

René maƙerin zinariya ne tun farko. An haife shi a 1860 a garin Aÿ, ya shiga koyon sana'a a Paris yana ɗan shekara 16, ya je Landan ya yi shekara biyu yana karatun zane. Ɗakin farko duk kayan adonsa ne, kuma a nan na fi daɗewa. Takwarorinsa suna gasar girman lu'ulu'u, shi kuwa yana haɗa zinariya da ƙaho da hauren giwa da gilashi, yana fitar da mazari da tsattsewa da furanni. Na tsaya gaban wani mataji na ƙaho da aka kankare har haske yana ratsa shi. Ƙahon da mahauci zai jefar! Shahararriyar 'yar wasan nan Sarah Bernhardt tana cikin masu sa kayansa, kuma a baje kolin Paris na 1900 sunansa ya kai ko'ina.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya yi bayan nan. Yana dab da shekara 50, kasuwa tana hannunsa, sai ya juya wa zinariya baya. Maƙwabcinsa a dandalin Vendôme na Paris, mai turare François Coty, ya nemi ya zana masa tambari, daga nan aka zarce zuwa kwalabe. A da, turare mai kyakkyawar kwalba sai masu hannu da shuni. Lalique ya koma zubi: a sassaƙa mazubin ƙarfe sau ɗaya, a riƙa danna narkakken gilashi a ciki ko a hura shi, kwalba dubu ta fito da kyan guda. Akwai kwalaben turare fiye da 200 a jere cikin wani ɗaki mai duhu-duhu, kowace da fitilarta. Wata murfinta ya fi jikinta girma, ya baje kamar kambi. Na so a ce ana buɗewa a sansana.

A 1921, yana da shekara 61, ya kafa masana'antar Wingen, lokacin Alsas, yankin da ƙauyen yake, ba ta daɗe da dawowa hannun Faransa daga Jamus ba, ga ƙwararrun ma'aikata suna neman aiki. Sauran ɗakunan na bi su da sauri: kawunan ado na gaban mota, gilasan taragon jirgin ƙasa na alfarma, fitilun ɗakin cin abinci na jirgin ruwan Normandie na 1935. Sun yi kyau, amma ba su kama ni kamar matajin ba.

Kusa da ƙarshe akwai teburin da aka yarda a taɓa. An jera wani tulu mai suna Bacchantes, zanen René na 1927, daga yadda yake fitowa daga mazubi har gamawa. Na farkon kaushi gare shi, da tabon haɗin mazubi a gefe. Na ƙarshen kuwa santsi kamar sabulu, wani wuri dusu-dusu, wani wuri garau. Na yi ƙoƙarin ɗaga shi, hannuna ya gaya mini gaskiya. Dalma ce ke kawo nauyin nan, don sai ta kai kashi 24 cikin 100 ake kiran gilashi kiristal, ita ce kuma ke sa shi ƙara kamar ƙararrawa in an ƙyasta shi. Ana narka haɗin a wuta mai zafin digiri 1,400, amma yawancin wahalar bayan ya huce take, wajen yanka da gurza da gogewa da hannu.

Masana'antar tana nan a ƙauyen tana aiki, sai dai ba a shigar da baƙi, a majigi muka ga masu hurawa. A shagon gidan na ɗauki wani ɗan kifin kiristal shuɗi da bai kai tafin hannuna ba, na juya na ga kuɗinsa, na mayar da shi a hankali da hannu biyu. Garin wannan jujjuyawar jirginmu ya wuce. Muka zauna a tasha muna jiran na gaba, ƙanena yana ta mita, ni kuma ina ƙyasta kwalbar lemon da ke hannuna ko za ta yi ƙara.