Laraba: zagayen gidajen masu jego

Yau ban zauna a asibiti ba, domin na bi ɗaya daga cikin matan CHIPS, wato masu wayar da kan jama'a kan lafiya gida-gida, da nake duba aikinsu zuwa gidajen masu jego na unguwarsu. Ita ba nas ba ce, matar aure ce 'yar unguwar wadda aka ba horo a ƙarƙashin shirin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018, kuma da yake kowa ya san iyayenta, har ƙuryar ɗaki ake shigar da ita.

A gidajen farko mun duba cibi, mun tambayi shayarwa da rigakafi, muka wuce. Inda muka daɗe shi ne wajen wata yarinya mai haihuwar fari wadda ba ta samu tafiya wanka gida ba saboda mahaifiyarta ta rasu. An yi suna, 'yan barka sun watse, mijinta yana kasuwa daga safe har magariba. Da aka ce mata yaya jego sai ta amsa da alhamdulillahi, kamar yadda kowace mai jego take amsawa, amma abokiyar tafiyata ba ta tsaya a nan ba. Ta karɓi jaririn, ta zauna a tabarma, ta ce: “Ƙanwata, idan ya yi barci, ke kina samu ki runtsa? Abinci yana shiga? Da wa kike hira da rana?” Sai can yarinyar ta ce takan kwana idonta biyu, tana jin kamar ba za ta iya rainon ba.

Ban yanke hukuncin cewa ciwon damuwa ya kama ta ba, tun da kuka da rashin sukuni na kwanakin farko sukan wuce cikin mako biyu. Sai dai abubuwan da ke share masa hanya sun taru a kanta: maraici, kaɗaici, rashin barci da rashin mai kama mata aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi wannan ciwon, kuma likitocin ƙwaƙwalwarmu ba za su taɓa isa kowane gida ba.

Abin da ke ƙarfafa mini gwiwa shi ne aikin da aka yi a Rawalpindi ta Pakistan. A binciken da mujallar Lancet ta buga a 2008, matan da ke aikin lafiya gida-gida sun riƙa zama da masu ciki da ciwon ya riga ya kama, suna sauraronsu suna taimaka musu su sauya tunanin da ke karya zuciya. Wata shida bayan haihuwa, kashi 23 cikin 100 ne suka rage da ciwon, alhali a cikin waɗanda ba a yi musu irin wannan zaman ba kashi 53 ne. A 2024 kuma aka nuna cewa irin wannan zama, ko da yake a asibiti aka yi shi, yana hana ciwon tasowa ga masu ciki da ke fama da fargaba: kashi 12 suka kamu, a maimakon 41 a cikin waɗanda ba a yi musu ba.

A gidan yarinyar kuwa, uwar mijinta tana ganin iska ce, har ta sa an karɓo rubutu. Na ji daɗi ƙwarai da abokiyar tafiyata ba ta yi musu da ita ba. Cewa ta yi: “Inna, a ci gaba da addu'a, amma ki taimaka ki riƙe mata yaron bayan azahar ta samu barci, kuma a turo wata ta riƙa taya ta zama.” Tsohuwar ta amince, ta ce za ta yi wa ɗanta magana ya riƙa dawowa da wuri.

A hanyar komawa na sake jaddada wa abokiyar tafiyata cewa duk mai jegon da ta ambaci cutar da kanta ko jaririnta, ko aka ga hankalinta ya gushe, a ranar za a kawo ta asibiti. Da yamma na ƙara layi a littafin ziyara don rubuta halin da uwa take ciki, muka kuma tsayar da Asabar za ta koma gidan a lokacin da mijin yake nan.